Yadda na samu horon Outreachy daga Kano, mataki bayan mataki

Tun da na kammala horon Outreachy, tambayoyin da mata ke turo mini kusan iri ɗaya ne. Da gaske ana biya? Sai mai digiri? Sai wadda ta ƙware a rubuta manhaja? Maigidanki bai hana ba? Na ga gara in zauna in zayyana komai daga farko har ƙarshe, domin lokacin da nake nema duk bayanan da na samu da Turanci suke, kuma yawancinsu ba su taɓo matsalar wuta da data da ɗawainiyar gida irin tamu ba.

Outreachy shiri ne na horon aiki na wata uku. Daga gida ake yin sa ta intanet, ana kuma biyan alawus na dala 7,000. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy da ke Amurka ce ke riƙe da shi. Aikin a kan buɗaɗɗun manhajoji ake yi, wato waɗanda kowa ke da damar ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara ko ya ƙara, irin su Linux da Firefox da manhajar da Wikipedia ke tafiya a kai. Asalin shirin ya daɗe yana tsaya mini a rai. A 2006 mutum 181 suka nemi yin aiki da GNOME, wata buɗaɗɗiyar manhaja, a ƙarƙashin Google Summer of Code, shirin horo na kamfanin Google, babu mace ko ɗaya a cikinsu. Da aka buɗe wani na mata zalla a wannan shekarar, mata kusan 100 suka nema, aka ɗauki 6. Ashe matan suna nan, ba su ɗauki ƙofar farko a matsayin tasu ba ne. Marigayiya Marina Zhurakhinskaya ta farfaɗo da shirin a 2010, a 2015 ya koma suna Outreachy, zuwa 2023 kuma waɗanda suka ci moriyarsa sun kai 1,000. Yanzu ba na mata kaɗai ba ne, duk wanda ake wa irinsa wariya a harkar fasaha a ƙasarsa zai iya nema. Amma giɓin da ya haifar da shi bai cike ba: a binciken da GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya yi a 2017 kan masu aikin buɗaɗɗun manhajoji, kashi 3 cikin ɗari ne kacal mata.

Ban buƙaci wani bincike ba kafin in san wannan. A ajinmu na kimiyyar kwamfuta mata tsiraru ne, kuma duk sanda aka raba mu rukuni-rukuni don aikin gwaji, maza ke zama gaban kwamfuta, mu a ba mu rubuta rahoto da tsara takardu. Bayan bautar ƙasa na yi aure, na haihu, ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ba ta da kwamfutar da ɗalibai za su taɓa. A wani zauren She Code Africa, ƙungiyar mata masu harkar fasaha da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, na fara ganin sanarwar. Ana yin shirin sau biyu a shekara, ɗaya daga Mayu zuwa Agusta, ɗaya daga Disamba zuwa Maris. Na nemi na Disambar 2023, wanda aka buɗe fom ɗinsa a watan Agusta.

Matakin farko fom ne a shafin Outreachy, kuma kyauta ne. Ba a biyan ko kwabo daga farko har ƙarshe, don haka duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya shigar da ke, ɗan damfara ne. Ba a neman takardar digiri, ba a neman takardar tarihin aiki. Abin da suke so su tabbatar shi ne kin kai shekara 18, ba ki taɓa yin Outreachy ko Google Summer of Code ba, kuma za ki iya ba da awa 30 a kowane mako tsawon horon. Idan kina da aikin cikakken lokaci, sai kin ajiye shi. Idan ɗaliba ce ke, za a nemi kalandar makarantarku don a ga kina da hutu mai tsawo a cikin watannin. Wa'adin rufe fom da agogon duniya na UTC ake sa shi, ƙarfe 4 na yamma, wanda a Najeriya da Nijar ƙarfe 5 ne. Ana rufewa an rufe, ba roƙo.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci a wannan mataki shi ne gajerun tambayoyin da ake amsawa a rubuce. Suna tambaya ko irinki ba su da yawa a harkar fasaha a ƙasarki, wane irin bambanci kika fuskanta wajen koyo, da wanda za ki fuskanta idan kin nemi aiki. Gurbin amsar ƙarami ne, kuma sun yi gargaɗi kada a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa mutum. Na zauna da biro da takarda bayan sallar isha, na ga abin ya yi mini nauyi, domin mu ba a raine mu da faɗin abin da aka yi mana ga baƙo ba. Daga ƙarshe na rubuta abin da ya faru a wata intabiyu da na je a wani kamfani kafin aurena. Na amsa tambayoyin aikin duka, sai wanda ke jagorantar zaman ya ajiye biro ya ce, "Malama, in kin yi aure mijinki zai bar ki ki kai ƙarfe tara a ofis?" Abokin karatuna da muka je tare ba a yi masa wannan tambaya ba, kuma shi aka ɗauka. Na rubuta batun rabon aiki a aji, na rubuta cewa yawancin tarukan masu rubuta manhaja a garinmu da yamma ake yin su har bayan magariba, lokacin da mace ba za ta iya zama a waje ba. Masu karantawa ba su san Kano ba, saboda haka kada ki ɗauka sun san abin da kike nufi. Ki faɗi abin da ya faru, a ina, da abin da ya jawo miki, cikin Turanci mai sauƙi. Ba iya Turanci suke aunawa ba.

Daga nan sai jira na makonni, ba ka ji ba ka gani. A wannan tsakanin na yi abubuwa uku da suka cece ni daga baya. Na farko kwamfuta. Da na ɗauki adashe na je kasuwar Farm Centre da ƙanena na sayi laftof ta hannu a kan naira 140,000, muka tsaya aka cire ta daga caji a gabanmu muka ga yadda batirin ke riƙewa, domin a halin da muke ciki batiri ya fi kyan jiki muhimmanci. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun wannan shekarar, lita ta haura naira 600, tayar da janareto don aikina kaɗai ba zai yiwu ba. Na biyu, na zauna na koyi Git, manhajar da ake bin diddigin kowane gyara da ita, na buɗe asusu a GitHub, ina gwada ƙananan abubuwa da harshen rubuta manhaja na Python. Na uku, kuma shi ne babba, maganar gida.

Na samu maigida bayan ya ci abinci na ce, "Abban Hanifa, akwai maganar da nake so mu yi tun kafin a kira ni." Na nuna masa shafin, na karanta masa sharuɗɗan, na gaya masa cewa wanda zai jagorance ni zai iya zama namiji, kuma za a riƙa ganawa ta bidiyo. Ya yi shiru, sannan ya tambayi abu biyu: za a buƙaci in yi tafiya, kuma wa zai riƙe yarinya. Tafiya babu. Batun yarinya muka kai wa mahaifiyarsa. Hajiya ta saurare ni har na gama ta ce, "'Yar nan, ni ban san kan abin ba, amma in karatu ne ki kawo mini ita da safe, ki zo ki ɗauka bayan azahar." Ina faɗin wannan ne domin awa 30 a mako ba daga sama suke faɗowa ba. Namijin da ya nemi irin wannan horo yana tashi ya tarar an dafa an share. Mace kuwa sai ta nemo awannin nan daga hannun wasu, kuma gara ta nemo su tun kafin aiki ya kankama.

A farkon Oktoba imel ya shigo cewa an amince da fom ɗina. Na yi sujada. Amma wannan ba ɗauka ba ce, izinin shiga gasa ne kawai, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mataki na biyu shi ake kira lokacin ba da gudummawa, kusan wata guda ne. Ana buɗe miki jerin ayyukan da ƙungiyoyi irin su Wikimedia da Debian da Fedora suka kawo, kowanne da jagoransa da irin ƙwarewar da yake buƙata, an kuma nuna wadda dole ce da wadda za a iya koya a hanya. Ba duka ne rubuta manhaja ba, akwai na tsara fasali, na rubuta bayanan amfani, na nazarin bayanai. Na zaɓi wani aiki na Wikimedia, ƙungiyar da ke riƙe da Wikipedia, saboda na san Python daidai gwargwado, kuma na taɓa gyara maƙaloli a Wikipedia ta Hausa. Shawarata ki tsaya a kan aiki ɗaya ko biyu, kuma ki fara a ranar da aka buɗe, domin ƙananan ayyukan da aka ware wa sababbi da wuri ake rububinsu.

A Wikimedia, ana rubuta ayyuka a wani dandali da ake kira Phabricator, ana hira a Zulip. Ranar da na shiga na tarar da cincirindo, daga Najeriya, Kamaru, Kenya, Indiya, kowa na gabatar da kansa, wasu har sun fara turo aiki. Gabana ya faɗi. Ƙa'idar wurin ita ce a bainar jama'a ake tambaya, ba a bin jagora ta saƙon sirri, don amsar ta amfani kowa. Na ji kamar amarya ranar girkin farko, dangin miji duk sun zuba wa hannunta ido. Na rubuta tambayata ta farko na goge, na sake rubutawa na goge, ina tsoron a ce wannan ko abu kaza ba ta sani ba. Da na daure na tura, wata mai nema irina ce ta fara amsawa, sannan jagoran ya ƙara bayani, sai ga wasu suna cewa su ma a nan suka maƙale. Daga ranar na koyi yadda ake tambaya a irin wannan wuri: ki faɗi abin da kike son yi, abin da kika gwada, sannan ki kwafo saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna miki kamar yadda yake. Kunya ado ce a wurinta, amma a nan wadda ta yi shiru ba wanda zai san tana nan, kuma jagorori suna lura da yadda mutum ke tambaya da yadda yake taimakon wasu, ba aikin da ya turo kaɗai ba.

Aikin gwajin da aka ba mu shi ne a rubuta ƙaramar manhaja da za ta jawo bayanai daga Wikidata, rumbun bayanai na Wikimedia, ta kwatanta su da abin da ke cikin maƙalar Wikipedia. A Wikidata kowane abu lamba gare shi, Najeriya Q1033 ce, kuma kowace lamba tana da sunaye a harsuna daban-daban. Wikimedia na da wani wurin gwaji mai suna PAWS da ake rubuta Python a cikin burauza, nauyin aikin a kan kwamfutocinsu yake, don haka tsohuwar laftof ɗina ta wadatar. Aka ce kowa ya gwada da harshen da ya sani. Da na gwada da Hausa sai na ga ana tsallake sunaye da dama, domin wani ya rubuta da ƙ wani da k, wani da ɗ wani da d, manhajar kuma tana ɗaukarsu abubuwa daban. Na rubuta ɗan gyaran da ke kula da wannan, na yi bayanin dalili da misalai. Jagoran ya mayar mini da aikin da gyare-gyare masu yawa, ya ce sunayen da na raɗa wa sassan manhajar ba sa bayyana aikinsu, kuma ban tanadi abin da zai faru idan intanet ta yanke ba. A ƙasa ya ƙara da cewa batun haruffan nan bai san da shi ba, kuma yana da amfani. Na gyara na mayar, ya sake dawo da shi, na sake gyarawa. A wannan harka dawo da aiki ba raini ba ne, haka ake yi wa kowa har manyansu.

Akwai abu ɗaya da ke kayar da mutane a nan. Yin aikin bai wadatar ba, dole ki koma shafin Outreachy ki shigar da gudummawar da mahaɗin inda take. Wadda ba ta shigar da ko ɗaya ba, ba za ta iya cike fom na ƙarshe ba. A fom na ƙarshen ana tambayar abin da kika taɓa yi a baya da jadawalin yadda za ki tafiyar da aikin mako-mako. Na tura wa jagoran daftarin jadawalina ya duba kafin in miƙa. A wannan watan na kashe kusan naira 12,000 a data, na kuma riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban saboda in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Da rana in ba wuta nakan je gidan wata maƙwabciya mai sola in yi caji.

A Nuwamba aka fitar da sunaye. Na buɗe shafin hannuna na rawa, na ga sunana. Hanifa na bacci a cinyata, na kasa ko motsi, hawaye kawai nake. Washegari kuma aka shiga takardu. Akwai yarjejeniyar horo da ake sa wa hannu ta intanet, akwai fom ɗin haraji na Amurka mai suna W-8BEN wanda waɗanda ba 'yan ƙasar ba ke cikewa, sai bayanan banki. Don karɓar kuɗin na je buɗe asusun dala. An nemi lambar BVN da NIN, hotuna, takardar biyan kuɗin wuta don tabbatar da adireshi, da mutum biyu masu asusun karent da za su tsaya mini. A nan na sha zirga-zirga. Takardar wutarmu da sunan mai gidan da muke haya take, sai da muka haɗa da takardar haya. Masu tsayawa kuwa, na bi ƙawayena da yayyena mata ban samu ko ɗaya mai irin wannan asusu ba, duk na ajiya gare su, wasu ma da asusun miji suke amfani. Sai abokan maigida ne suka sa hannu. An ƙi karɓar fom ɗin ɗayansu wai sa hannunsa bai yi daidai da na rajistar bankinsa ba, aka sake daga farko. Ki fara wannan tun kina jiran sakamako. Ki kuma tabbata sunanki iri ɗaya ne a BVN da NIN da fom ɗin Outreachy, musamman in kin taɓa sa sunan miji a wata takarda. Ki karɓi lambar SWIFT ta bankin, wadda ake turo kuɗi daga ƙasar waje da ita, a rubuce daga hannun ma'aikaci.

Horon ya fara a farkon Disamba. Muna ganawa da jagorana ta bidiyo sau ɗaya a mako, sauran kuma a rubuce. Tun ranar farko na gaya masa lokutan sallah da lokacin da nake ɗauko yarinya, muka tsayar da sa'ar da ta dace da mu duka, bai taɓa nuna damuwa ba. Na kuma ce ba kullum zan kunna kyamara ba, ya ce murya ta isa. Ana rubuta rahoton ci gaba duk bayan mako biyu, ana kuma cike fom na yadda abubuwa ke tafiya, ke da jagora kowa nasa. Alawus ɗin kashi-kashi ake biya, sai jagora ya tabbatar kina aiki, kuma kuɗin kan ɗauki makonni kafin ya shigo, don haka ki tanadi na data da sufuri na watan farko daga aljihunki. A tsakiyar horon Hanifa ta kwanta da zazzaɓi muka kwana asibiti. Na rubuta wa jagoran layi biyu, ya ce in kula da ita, muka rage wani sashe na jadawalin. Da na yi shiru na ɓace, da abin ya zama matsala. Da kason farko ya shigo na sa ƙaramar sola da batiri a gida, na kai wa Hajiya turmin atamfa da buhun shinkafa, domin rabin aikin nan ita ta yi shi.

Abin da na fahimta bayan na fito shi ne, ba ƙarancin basira ke tare mu ba. Matan da muka yi gasar tare da su, ciki har da waɗanda ba a ɗauka ba, sun yi aikin da ya burge ni. Abin da ke tare mu ƙanana ne a ido: laftof ɗin da ake saya wa ɗa namiji a ce mace ta riƙa aron tasa, taron da ake sawa bayan magariba, tambayar aure a intabiyu, asusun da ba da sunanki yake ba, da tarbiyyar da ta koya mana cewa yin tambaya a gaban maza rashin kamun kai ne. Shiri irin Outreachy yana cire wasu, tunda ba tafiya, ba neman shaidar karatu, kuma ana biya. Sauran a gidajenmu da makarantunmu suke, kuma mu za mu cire su. Ina roƙon malaman da ke raba ɗalibai rukuni su sa ido a kan wa ke riƙe da kwamfutar, masu shirya taruka a Kano da Kaduna da Zariya kuma su riƙa sa wasu da safe ranar Asabar, su bar mace ta zo da goyonta.

Wurare kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, saboda haka da yawa ba za su samu a karon farko ba, kuma ba a hana sake nema. Gudummawar da kika bayar tana nan da sunanki a fili, za ki iya nuna ta ga duk mai ɗaukar aiki, ɗaya daga cikin waɗanda muka yi gasar tare ma da ita ta samu aiki a wani wuri. Fom ɗin zangon Mayu a kusan Fabrairu ake buɗe shi, na Disamba kuma a kusan Agusta, kuma ba ya daɗewa a buɗe. Kafin lokacin ki koyi Git, ki zaɓi harshen manhaja ɗaya ki riƙe, ki shiga zauren wata ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja kamar Open Source Community Africa ki saba da tambaya a fili, ki fara haɗa takardun banki, sannan ki zauna da mutanen gidanku ku tsara wanda zai riƙe miki gida a awannin aiki.